Darasin Kimiyya: Gwajin Sabon Rigakafin Tarin Fuka a Jikin Dabbobi

 Kafin mu buɗe littafi, kowa ya naɗe hannun rigarsa na hagu ya dubi dantsensa, can sama kusa da kafaɗa. Mafi yawanku za ku ga ɗan tabo zagayayye. Shaidar allurar BCG ce, wadda ake yi wa jariri a kwanakinsa na farko, sau da yawa tun kafin ranar suna. Wanda bai ga nasa ba kada ya tayar da hankali, domin ba kowace fata allurar take bar wa tabo ba.

To, ga abin tambaya. An fi shekara 100 ana yin wannan allura a duniya, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka, wajen miliyan 1.25 kuma suka rasu. Nijeriya ce ta ɗaya a Afirka, ta shida a duniya. Ba sai mun yi nisa ba. Wanda ya taɓa raka mai jinya Asibitin Zana ya ga masu karɓar maganin tibi. A nan kusa da mu, a Asibitin Ƙashi na Dala, ana kawo waɗanda ƙwayar ta bar huhu ta koma ƙashin baya, ta cinye shi har ya lanƙwashe ya yi doro, wani lokaci ƙafafu su shanye. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah suna da irin tabon da kuka gani a dantsenku.

Dalilin da ya sa masana suke neman sabon rigakafi ke nan. Kowane sabo kuma sai ya bi ta jikin dabba kafin a kai shi jikin ɗan Adam. Darasinmu na yau a kan wannan matakin yake: me mai bincike yake aunawa a jikin dabbar, kuma yaya ake karanta abin da ya samu.

Ƙwayar cutar da hanyarta

Sunanta na kimiyya Mycobacterium tuberculosis. Likitan Jamus Robert Koch ne ya bayyana ta a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan kwanan wata. Ku riƙe halayenta biyu. Na farko, tana sanye da riga mai kauri ta kitse da kakin da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Na biyu, nawa gare ta. Akwai ƙwayoyin cikin hanji da suke rabuwa biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20. Wannan nawar ita ta sa magani yake ɗaukar wata 6, ita ce kuma take sa kowane gwaji da za mu ambata yau ya ci watanni.

A iska take tafiya. An tabbatar da haka ne da dabba. A shekarun 1950, a wani asibitin tsoffin sojoji da ke Baltimo a Amurka, Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa kejin ɓerayen Masar. Dabbobin ba su taɓa majinyaci ba, ba su ci ragowar abincinsa ba, amma suka riƙa kamuwa. Da aka haska wa iskar wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta kafin ta isa kejin, sai kamuwar ta tsaya. Ku tuna da wannan idan kun shiga ɗaki mai taga ɗaya a lungunan Madigawa ko Kantudu, mutum bakwai suna kwana ciki, an toshe ko'ina saboda hunturu.

Abin da yake faruwa a huhu

Ku bi ni a hankali a nan, domin sauran darasin a kan wannan yake tsaye.

Ƙwayar ta sauka can ƙarshen hanyoyin iska. Mai fara tarar ta wata babbar farar ƙwayar jini ce mai suna makurofaj, wadda aikinta haɗiye duk wani baƙon abu. Idan ta haɗiye ƙwayar cuta, takan sa ta a wata 'yar jaka, ta haɗa jakar da wata mai ɗauke da ruwan narkarwa. Ƙwayar tarin fuka tana hana jakunkunan biyu haɗuwa. Sai ta zauna cikin wadda ta haɗiye ta, ta ci gaba da hayayyafa.

Daga nan wasu ƙwayoyin garkuwa sukan ɗauki gutsattsarin ƙwayar cutar su kai kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. Wannan gutsuren da jiki yake gane baƙo da shi, antijin ake ce masa. A kaluluwa ake nuna shi ga ƙwayoyin T, musamman nau'in CD4. Waɗanda suka dace da shi sai su yawaita, su bi jini su komo huhu, su fitar da wani sinadarin saƙo mai suna intafiron-gama, tare da wani mai suna TNF. Saƙon yana zaburar da makurofaj ta iya kashe abin da ke cikinta. Matsalar ita ce jinkiri. A jikin ɓera, ƙwayoyin T ba sa isowa huhu da yawa sai bayan mako 2 zuwa 3, alhali a wasu cututtukan kwanaki kaɗan ne. Kafin su zo, ƙwayar ta riga ta kafu. Babban burin rigakafi shi ne a rage wannan jinkirin.

Da suka iso, sai su kewaye wurin, makurofaj a ciki, ƙwayoyin T a waje, su yi wani ɗan curi da ake kira giranuloma. Ku ɗauke shi kamar ganuwar birnin nan namu, sai dai an juya ta. Magabata sun gina badala don abokin gaba ya tsaya a waje. Jiki kuwa yana gina tasa ne bayan abokin gaba ya riga ya shigo, don a tsare shi a ciki. Muddin ganuwar tana tsaye, mutum lafiyarsa ƙalau, ba ya tari, ba ya sa wa kowa. Amma wanda aka tsare yana nan da ransa, kuma ganuwar da ta hana shi fita tana hana magani da wasu ƙwayoyin garkuwa isa gare shi yadda ya kamata. Ranar da ta zaizaye, tsakiyarta ya ruɓe ya narke, ya fashe cikin hanyar iska, sai ga kogo a huhu, ga tari, ga jini a kaki.

An ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu suke kwantawa ciwo a tsawon rayuwarsu. Yunwa, ciwon suga, shan taba da ƙanjamau su ne manyan masu rushe tsaron. Ƙanjamau ya fi muni domin ƙwayoyin CD4 ɗin nan yake ci. A 1993 kuma wasu rukunin masana biyu a Amurka suka gwada ɓerayen da aka cire musu ikon yin intafiron-gama. Da aka sa musu tarin fuka, cikin makonni suka mutu. Daga nan aka san cewa ba a tsira sai da wannan sinadari. Ku ja layi ƙarƙashin wannan jimla, za mu dawo mata, domin mutane da yawa sun karanta ta fiye da abin da ta ce.

Inda BCG ta fito da inda ta tsaya

Faransawa biyu ne suka yi ta a Cibiyar Pasteur ta birnin Lil: Albert Calmette, likitan mutane, da Camille Guérin, likitan dabbobi. Sun ɗauki 'yar'uwar ƙwayar, Mycobacterium bovis, wadda aka samo daga hantsar wata saniya, suka riƙa renon ta a kan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa da gilisarin. Duk bayan mako 3 su kwashe ta su sake mata sabon dankali. Daga 1908 zuwa 1921, sau 230 suka yi haka, yaƙin duniya na ɗaya bai tsayar da su ba. Suna yi suna gwada ta a ɓerayen Masar, zomaye da maruƙa, har ta daina sa musu ciwo. A 1921 aka fara ba wani jariri a Faris wanda tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

BCG tana aiki, kada wani ya fita daga ajin nan ya ce Malam ya ce ba ta da amfani. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, wato wanda yake hawa ƙwaƙwalwa ya yi sanƙarau da wanda yake watsuwa cikin jiki gaba ɗaya. Inda take da rauni shi ne tarin huhu na manya, wanda shi ne yake yaɗa cutar. Gwajin da aka yi a Ingila a shekarun 1950 ya nuna kariya kusan kashi 80 cikin 100. Wanda aka fara a Cingalfut ta kudancin Indiya a 1968, da mutum sama da dubu 200, bai nuna wata kariya ga manya ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka fi karkata gare shi shi ne, a ƙasashe masu zafi akwai dangin ƙwayar birjik a ƙasa da ruwa, jiki ya riga ya saba da su, don haka allurar ba ta ƙara masa wani abu mai yawa. Mu ma a ƙasa mai zafi muke.

Yadda ake tsara gwajin

Mu ɗauka an kawo sabon rigakafi. Mai bincike zai raba ɓerayensa rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin ido ba. Rukuni na farko ruwan gishiri kawai za a yi musu. Na biyu BCG. Na uku sabon rigakafin. Sau da yawa akwai na huɗu, waɗanda za a fara yi wa BCG sannan a ɗora musu sabon, tunda haka abin zai kasance a gari irin namu inda kusan kowa ya riga ya karɓi BCG.

Bayan wasu makonni sai awo na farko, wato awon martanin garkuwa. A ɗebi jini ko saifar wasu daga cikin dabbobin, a ware fararen ƙwayoyi, a zuba su a faranti mai ƙananan ramuka, a ɗiga musu antijin ɗin da ke cikin rigakafin. Duk ƙwayar T da ta gane shi za ta fitar da intafiron-gama, wurin da ta zauna kuma zai bar ɗigo mai launi. Sai a ƙirga ɗige-ɗigen. Akwai wata na'ura kuma da take jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske, ta faɗi nau'in kowacce da irin saƙon da take fitarwa. A ruwan jinin kuma a auna antibodi, wato furotin da jiki yake yi don ya kama baƙon abu. Wannan awon yana amsa tambaya ɗaya ce tak: shin jiki ya lura da rigakafin?

Awo na biyu shi ne na gaske. A ɗaki mai tsaro na musamman, inda iskar ciki ba ta fita sai an tace ta, ma'aikata kuma a rufe ruf, za a sa dabbobin su shaƙi ƙwayar cutar mai rai, wajen guda 50 zuwa 100 kowanne ɓera. Bayan kamar mako 4 a kashe su ta hanyar da ba azaba, a cire huhu da saifa, a niƙa, a tsarma, a shafa a farantin reno. Sai jira na mako 3 kafin kowace ƙwaya mai rai ta zama ɗan tsiro da ido zai gani.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi da lambobin misali. An niƙa huhun ɓera a ruwa mililita 1. An tsarma shi sau 1,000. An shafa kashi ɗaya cikin goma na mililita a faranti. Tsiro 100 suka fito. Sau 10 saboda kashi ɗaya cikin goma muka shafa, ya zama 1,000. Sau 1,000 saboda tsarmawa, ya zama 1,000,000. To, wannan ɓeran ruwan gishiri ne. Na BCG, da irin wannan tsarmawar, ya ba da tsiro 10, wato 100,000. BCG ta rage ƙwayar ninki goma. Wannan ninki goman ba misali ba ne kawai, kusan abin da BCG take yi ke nan a huhun ɓera a ɗakunan gwaji na duniya, kuma shi ne ma'aunin da kowane sabon rigakafi yake ƙoƙarin wucewa. Ku lura da cewa ɓeran da muke cewa ya sami kariya yana ɗauke da ƙwaya dubu ɗari a huhunsa.

Kowace dabba da abin da take iya faɗa

Ɓera ya fi araha, yana haihuwa da sauri, kuma ana iya cire masa ƙwayar halitta ɗaya a ga abin da zai biyo baya. Amma irin ɓeran da aka fi amfani da shi ba ya yin giranuloma mai ruɓaɓɓen tsakiya irin ta mutum, ba ya yin kogo, ba ya kuma ɓoye cutar shekaru. Ɓeran Masar ƙwaya ƙalilan ta ishe shi, curinsa ya fi kama da namu, sai dai shi kusan kullum mutuwa yake yi, alhali mutum tara cikin goma ba sa ma kwantawa. Zomo yana yin kogo a huhu. Akwai ma wani ɗan kifi da jikin 'ya'yansa garau yake, ana kallon yadda curin yake haɗuwa da madubin likita yana raye.

Biri, musamman nau'in makak na Asiya, shi ya fi kusa da mu. Wani ya kwanta ciwo, wani ya ɓoye ƙwayar, curinsa iri-iri kamar na mutum, kuma ana iya ɗaukar hoton huhunsa wata bayan wata ba tare da an kashe shi ba. Daga birai aka gane cewa a huhu ɗaya wani curi yana iya kashe ƙwayarsa tas, na kusa da shi kuma ya kasa. Ku yi tunani: idan haka abin yake a huhu guda, me jinin da aka ɗiba a hannu zai iya faɗa mana? Tsadar biri da nauyin haƙƙinsa suka sa ba a amfani da su da yawa. Kowane rukuni biri shida ko goma ne, kuma lamba ƙarama tana da saurin ruɗar mutum.

Martani daban, kariya daban

Koch da kansa ya fara faɗawa ramin ɗaukar martani a matsayin kariya. Ya lura cewa idan aka sa wa lafiyayyen ɓeran Masar ƙwayar a fata, wurin yakan yi shiru kwana 10 zuwa 14, sannan ya zama gyambon da ba ya warkewa. Idan kuwa dabbar ta riga ta kamu makonni kafin nan, cikin kwana ɗaya ko biyu wurin zai yi baƙi, ya ɓare, ya warke. Martani mai ƙarfi ƙwarai. A 1890 ya sanar da duniya cewa ya samo magani daga ruwan ƙwayar, wanda aka sa wa suna tubakulin. Majinyata suka yi tururuwa zuwa Balin. Maganin bai warkar ba, wasu ma ya tayar musu da ciwon suka mutu. Tubakulin ya koma abin gwajin fata, kuma har yau aikinsa ke nan: yana nuna cewa jiki ya san ƙwayar, ba ya nuna cewa jiki ya fi ƙarfinta.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka sai ga MVA85A, daga Jami'ar Okusfod, ƙarƙashin Helen McShane. An ɗauki wata ƙwayar bairos da aka raunana, aka ɗora mata antijin ɗaya na tarin fuka mai suna 85A, don a ƙarfafa BCG. A jikin manya 'yan sa-kai a Ingila, ɗige-ɗigen intafiron-gama sun yi yawan da ya faranta ran kowa. Aka kai shi Afirka ta Kudu, aka gwada a jarirai 2,797. Sakamakon ya fito a 2013: jarirai 32 sun kamu cikin waɗanda aka yi wa, 39 cikin waɗanda ba a yi wa ba. A lissafin ƙididdiga wannan bambanci bai wuce abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa ba. Allurar ba ta cutar da jariran ba, ba ta kuma kare su ba. Da wasu masana suka koma suka tattara gwaje-gwajen dabbobin da aka yi tun farko, sai suka ce hujjar kariya a cikinsu ba ta da ƙarfi, an yi gardama mai zafi musamman a kan wani gwajin birai, ko da yake binciken jami'ar ya wanke masu aikin. Ni a ganina babban darasin ba na neman mai laifi ba ne. Fannin ne gaba ɗaya ya saba da duban ɗige-ɗige.

Yanzu ku koma jimlar da kuka ja wa layi. Ba a tsira sai da intafiron-gama, gaskiya ne. Amma wannan bai ce ƙarin sa ƙarin kariya ne ba. An ma nuna a ɓeraye cewa idan ƙwayoyin T suka fitar da shi fiye da kima, huhu yakan kumbura dabbar ta mutu da wuri.

A Janairun 2020 wani sakamako ya fito wanda ya sake juya tunani. Robert Seder na cibiyar binciken rigakafi ta gwamnatin Amurka da JoAnne Flynn ta Jami'ar Fitsbag, da abokan aikinsu, ba su kawo sabon rigakafi ba. Tsohuwar BCG suka ɗauka, suka ninka yawanta sau 100, suka zuba ta ta jijiya maimakon fata. Bayan wata 6 suka sa wa biran ƙwayar cutar. Tara cikin goma suka sami kariya mai ƙarfi, shida daga ciki ba a ga ko alamar ƙwayar a jikinsu ba. Waɗanda aka yi wa ta fata kuwa kusan duka sun kamu. Bambancin da aka gani shi ne ƙwayoyin T sun cika cikin naman huhun kansa sun zauna, suna nan kafin ƙwayar ta iso. Jinkirin nan na mako biyu zuwa uku ya kau. Daga baya aka ga antibodi ma ya ƙaru a huhun waɗannan birai, abin da aka daɗe ana rainawa a fannin tarin fuka. Ba wanda yake shirin zuba ƙwaya mai rai da yawa haka a jijiyar jariran Gwammaja, haɗarinta ga mai raunin garkuwa ya yi yawa. Amfanin gwajin shi ne, an sami dabbobin da suka tsira sarai, waɗanda za a iya bincika a ga me ya bambanta su.

Akwai kuma M72, na kamfanin GSK: furotin biyu na ƙwayar a haɗe, da wani sinadarin zaburar da garkuwa irin wanda ke cikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S. Bayan ya bi ta ɓeraye, ɓerayen Masar da birai, an gwada shi a manya sama da 3,500 masu ɗauke da ƙwayar a ɓoye, a Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu. Cikin shekara 3, mutum 13 suka kwanta a ɓangaren rigakafin, 26 a ɗaya ɓangaren. Kariya kusan rabi ke nan, kuma a manya, inda BCG ta gaza. An fara babban gwajinsa na mataki na uku a Maris 2024. Shi ma MTBVAC na Jami'ar Saragosa ta Sifen, wanda ƙwayar mutum ce aka cire mata ƙwayoyin halitta biyu, yana mataki na uku a jarirai.

Saniya, wadda ba aro aka yi mata ba

Duk dabbobin da muka ambata mu muka ɗora musu cutar. Saniya tata ce. Likitocin dabbobi masu duba nama a Abbatuwa, nan kusa da Ƙofar Mazugal, cikin abin da suke nema idan sun tsaga huhu da kaluluwa har da curin nan fari-fari mai marmashewa, kuma mahauta sun san shi. Ƙwayar shanu tana kama mutum, galibi ta madarar da ba a tafasa ba, kuma ta fi son kaluluwar wuya da hanji. Wanda gidansu ake sayen madara ɗanya ya faɗa wa Umma a tafasa ta sosai kafin a sha ko a kwantar da ita.

A Habasha an yi wani gwaji da nake so ku sani, wanda aka wallafa a 2024. Ba a fesa wa maruƙan ƙwaya ba. An yi wa wasu BCG, an bar wasu, aka haɗa su garke ɗaya da shanun da suka kamu da kansu, suka yi watanni suna shaƙar numfashin juna. Aka ga cewa bayan kariyar da allurar ta ba wanda aka yi wa, ta kuma rage yadda wanda ya kamu yake sa wa na kusa da shi da kashi 74 cikin 100. Ɓera a keji ba zai taɓa nuna mana wannan ba, domin ɓera ba ya sa wa ɗan'uwansa.

To me ya hana a yi wa shanu allurar ko'ina? Gwajin fata. Saniyar da aka yi wa BCG fatarta takan kumbura da tubakulin kamar wadda ta kamu, sai likita ya rasa bambancewa. Mafitar tana cikin dankalin Calmette da Guérin. A cikin shekaru 13 ɗin nan BCG ta zubar da wani yanki na ƙwayoyin halittarta, wanda yake yin furotin biyu, ESAT-6 da CFP-10. Idan aka yi gwaji da waɗannan biyun kaɗai, mai ɗauke da ƙwayar gaske zai amsa, mai BCG ba zai amsa ba. Gwajin jinin da ake yi wa mutane yanzu don gano ɓoyayyen kamu a kan wannan yake.

Haƙƙin dabba da haƙƙin mutum

Na ga wata ta yamutsa fuska lokacin da na ce a kashe ɓerayen, kuma tana da gaskiya ta ji nauyin abin. Addininmu ya hana azabtar da dabba. A 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'ida uku da ake bi har yau: a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawanta zuwa iyakar abin da lissafi yake buƙata, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Gwajin da aka tsara da sakaci ya saɓa wa dukkansu, domin rayuka sun tafi amsa ba ta samu ba.

Mutanen Kano kuma ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan hatsarin gaggawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer da yara kusan 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya dace, har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan magani ne, ba rigakafi ba, amma rashin yardar da ya bari ta taimaka wajen ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Duk ranar da aka kawo sabon rigakafin tarin fuka Dala, iyaye za su yi tambaya. Cikinku akwai waɗanda za su kasance likitoci da ma'aikatan jinya a lokacin, kuma ku za a tambaya wace dabba aka gwada, guda nawa, an kwatanta da BCG ko ba a kwatanta ba, ɗige-ɗige aka ƙirga ko tsiro.

Kafin nan, duk wanda ya yi tari mako 2, ko yana zufar dare yana ramewa, a kai shi a gwada kakinsa. Na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa 2, gwajin da maganin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Aikin gida

Ku rubuta, lambobin na misali ne. Sabon rigakafi ya ba da ɗige-ɗigen intafiron-gama ninki uku na BCG. Da aka niƙa huhu a mililita 1, aka tsarma sau 1,000, aka shafa kashi ɗaya cikin goma na mililita, tsiro 40 suka fito. Na farko, ku lissafa yawan ƙwayar da ke huhun. Na biyu, ku kwatanta da ɓeran ruwan gishiri da na BCG da muka yi a allo. Na uku, a layi biyar, ku faɗi ko za ku yarda a kai wannan rigakafi gwajin birai, da dalilinku. A kawo ranar Litinin kafin a shiga aji. Mako mai zuwa za mu ɗauki ƙwayar da ta daina jin magungunan rifamfisin da isoniyazid.